Abincin masana'anta: jami'o'in duniya sun yi magana, mu me muke jira?

A watan Nuwamba na shekara ta 2025, mujallar likitoci mai suna The Lancet, wadda ake bugawa a birnin Landan, ta fito da maƙaloli uku a jere waɗanda masana 43 na ƙasashe daban-daban suka rattaba wa hannu. Maganar da suka ɗauko ita ce ta cimar zamani, irin wadda ake haɗawa cikin manyan masana'antu, a ƙunshe ta a leda mai ƙyalli ko a kwalba, a aiko ta har kantin unguwa. Masanan sun bi diddigin bincike 104 da aka yi ana lura da lafiyar jama'a shekara da shekaru, suka tarar 92 daga ciki sun nuna abu guda: gwargwadon yadda mutum ke yawaita cin irin wannan abinci, gwargwadon yadda yake kusantar cututtukan da ke daɗewa a jiki, irin su ciwon sukari, ciwon zuciya da ƙiba mai nauyi.

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu nan neman abin kaiwa baki ya ishe mu. Za mu zo ga wannan magana, don tana da nauyinta. Amma tun farko mu faɗi matsayinmu. Shaidar da jami'o'i suka tara cikin shekara 15 ɗin nan ba ta kammala ba, kuma masu binciken da kansu ba su ce ta kammala ba. Duk da haka ta kai a yi aiki da ita. Waɗanda ta fi shafa a ƙasa irin tamu kuwa su ne masu ɗan abin hannu na birane, wato ɗan kasuwar da ke shigo da kayan da ma'aikacin da ke saye ƙarshen wata. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

Daga Barazil maganar ta taso

Wanda ya raɗa wa wannan abinci suna shi ne Farfesa Carlos Monteiro na jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Barazil, a shekara ta 2009. Shi da abokan aikinsa sun daɗe suna nazarin alƙaluman cefanen gidaje da hukumar ƙididdigar ƙasarsu ke tattarawa, sai suka ci karo da abin ɗaure kai: iyalai sun rage sayen sukari da man girki, amma ƙiba da ciwon sukari sai ƙaruwa suke yi. Da suka duba da kyau, sai suka ga sukarin da man suna nan daram, hanyar shigowa gida kawai suka sake. Da can uwargida ke sayen su ta auna da hannunta. Yanzu suna zuwa a ɓoye cikin biskit, lemun kwalba da taliyar da ake jiƙawa a ci nan take. Shinkafa da wake, waɗanda su ne tuwon mutanen Barazil, suna ta ja da baya.

Daga nan suka tsara wani rabe-rabe da suka kira NOVA, wanda ke kasa abinci gida huɗu bisa yadda aka sarrafa shi. Gida na farko shi ne abin da ya fito daga gona ko garke, ko da an shanya shi, an daka, an niƙa ko an dafa: hatsi, wake, nama, ƙwai, madara, ganye da ƴaƴan itace. Gida na biyu kayan haɗin girki ne, kamar mai, gishiri da sukari. Gida na uku shi ne inda aka ɗauki na farko aka sa masa na biyu don ya daɗe ko ya ƙara daɗi, kamar burodin gidan burodi, kifin gwangwani da cuku. Idan muka auna da namu, kilishi nan zai zauna. Gida na huɗu shi ne abin da masanan suka kira abinci mai tsananin sarrafawa, mu kuwa a nan za mu kira shi haɗin masana'anta. Ana wargaza masara, alkama, rake ko waken suya zuwa sitaci, mai da ruwan zaƙi, sa'annan a sake haɗa su da sinadaran launi, na ƙamshi, na ɗanɗano da na hana rabuwar mai da ruwa, har a sami wani abu mai daɗin baki, mai araha, wanda zai yi watanni a kanti bai lalace ba.

Hanyar gane shi ba ta da wuya. A juya leda a karanta jerin abin da aka zuba. In aka ga sunayen da babu su a madafar kowace mace, ko lambobi masu farawa da harafin E, to galibi an faɗa gida na huɗu. A shekara ta 2014 ma'aikatar lafiya ta Barazil ta sa wannan rabe-rabe cikin jagoran cima na ƙasa, ta shawarci ƴan ƙasarta da su guji haɗin masana'anta su riƙe girkin gida. A lokacin kusan kashi 20 bisa ɗari na ƙarfin abincin da ɗan Barazil ke samu daga nan yake fitowa. A Amurka da Ingila abin ya haura rabi.

Abin da aka gani a Faransa da sauran wurare

Suna kawai ba hujja ba ne, sai an gwada. Gwaji mafi shahara ya fito daga Faransa, inda masana na jami'ar Paris 13 da hukumar binciken lafiya ta Inserm suka buɗe wani shiri mai suna NutriNet-Santé a shekara ta 2009. Dubban mutane sun yarda su riƙa rubuta duk abin da suka ci ta intanet, su kuma masu bincike suna bin lafiyarsu. A shekara ta 2018 ayarin da Dakta Mathilde Touvier ke ciki ya buga sakamakon mutum kusan dubu 105 a mujallar BMJ: duk ƙarin kashi 10 bisa ɗari na haɗin masana'anta a cikin cimar mutum yana tafiya da ƙarin kashi 12 bisa ɗari na haɗarin kamuwa da sankara. A 2019 suka sami irin wannan adadi, kashi 12, game da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Bayan haka suka sami kashi 15 game da ciwon sukari irin na manya.

Ya kamata a fahimci waɗannan alƙaluma yadda suke, don kada a firgita kuma kada a raina. Ƙarin kashi 12 na nufin idan a cikin wata jama'a mutum 100 ne ke kamuwa, to za su zama 112. Ga mutum ɗaya abin ba shi da yawa. Amma duk ɗan kasuwa ya san ribar dala ɗaya a kan kwali ba komai ba ce, sai an lissafa ta a kan kwali dubu ɗari. Haka lissafin lafiyar al'umma yake: ɗan ƙarin da ba a gani a gida ɗaya shi ke cika gadajen asibiti in an haɗa gari duka.

Faransa ba ita kaɗai ba ce. A ƙasar Sifaniya, jami'ar Navarra ta bi tsofaffin ɗalibanta kusan dubu 20, ta buga a 2019 cewa masu cin haɗin masana'anta fiye da sau huɗu a yini sun ɗara masu cin sa ƙasa da sau biyu yawan mace-mace da kashi 62 bisa ɗari a tsawon lokacin binciken. A 2024 masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar Deakin ta Ostireliya suka tattara nazarce-nazarcen da suka shafi mutum kusan miliyan 10, suka sami alaƙa tsakanin wannan cima da matsalolin lafiya iri 32, daga ciwon zuciya da na sukari har zuwa damuwa da rashin barci. Sun kuma bayyana cewa ƙarfin shaidar ya bambanta: ga mutuwa ta ciwon zuciya da ga ciwon sukari tana da ƙarfi, ga wasu cututtukan kuwa tana da rauni.

Mutum ashirin a ɗaki guda

Akwai tambayar da irin wannan bincike ba ya iya amsawa shi kaɗai. Mai yawan shan lemun kwalba sau da yawa shi ne mai shan taba, shi ne mai zaman wuri ɗaya, shi ne marar lokacin girki. To wane ne mai laifin, abincin ko sauran halayen? Masana suna ƙoƙarin cire waɗannan ta hanyar lissafi, amma lissafi ba ya share komai tas.

Wani masani Ba'amurke, Dakta Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, yana cikin masu shakkar maganar Monteiro, sai ya ƙudura ya gwada ta da kansa. Ya ajiye mutum 20, maza 10 mata 10, a asibitin bincike har mako huɗu. Mako biyu ana ba su haɗin masana'anta, mako biyu ana ba su abincin da ba a sarrafa sosai ba. An daidaita abin da ake ajiye musu ta fuskar sukari, mai, gishiri da ƙarfin abinci, aka ce kowa ya ci iya cikinsa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya ba shi kansa mamaki. A makonnin haɗin masana'anta mutanen sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 kowace rana, wato kusan rubu'in abin da babban mutum ke buƙata a yini, suka ƙara nauyin kusan kilo ɗaya. A makonnin ɗaya abincin suka rage kusan kilo ɗaya. Da aka tambaye su, ba su ce wani ya fi wani daɗi ba. Abin da aka lura shi ne sun fi cin na masana'antar da sauri, don yana da laushi ba ya buƙatar tauna, kuma ƙarfin abinci mai yawa yana cushe cikin loma kaɗan, sai ciki ya cika kafin jiki ya ba da labarin ƙoshi.

A shekara ta 2025 jami'ar UCL ta Landan ta yi wani gwajin da mutum 55, kowane irin abinci mako takwas, kuma an tsara dukkan biyun bisa shawarwarin cima mai kyau na gwamnatin Ingila. A duka biyun mutane sun rage nauyi, amma ragin da aka samu da abincin da ba a sarrafa sosai ba ya ninka ɗayan: kashi 2 bisa ɗari na nauyin jiki, a maimakon kashi 1. Ana kuma bin sawun sinadaran da kansu. Tun 2015 masana na jami'ar jihar Jojiya ta Amurka suka nuna cewa biyu daga cikin sinadaran hana rabuwar mai da ruwa suna dagula ƙananan halittu masu amfani da ke cikin hanjin ɓeraye, su haddasa kumburi. Ɓera dai ba mutum ba ne, shi ya sa ake ci gaba da aikin a kan mutane.

Masu ja, da abin da suke riƙe da shi

Akwai masana na gaskiya da ke sukar wannan rabe-rabe, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa gida na huɗu ya yi faɗi da yawa, ya haɗa lemun kwalba da burodin leda mai dusa a buhu ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Jami'ar Harvard ta ƙarfafa wannan a 2024, bayan ta bi ma'aikatan lafiya sama da dubu 100 fiye da shekara 30. Ta sami ƙarin mace-mace na kashi 4 bisa ɗari kawai ga mafi yawan cin haɗin masana'anta, kuma mafi yawan illar ta taru ne a naman da aka sarrafa da kayan sha masu zaƙi. Suna kuma cewa mutum 20 a mako huɗu ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma in an duba da kyau sukar ta nuna mana inda za a fara ne. Kusan babu mai jayayya a kan lemun kwalba, garin lemu na leda, alewa da biskit mai zaƙi, kuma su ne suka fi cika kantunanmu. Game da jiran cikakkiyar hujja kuwa, tarihi ya riga ya koyar. A shekara ta 1950 masanan Ingila biyu, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu ta hanyar nazarin mutane da lissafi. Kamfanonin taba suka yi ta cewa ba a tabbatar ba, a ƙara bincike. Sai a 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ƙarƙashin hukumar lafiya ta duniya, OMS. Shekara 53 ke nan, kuma waɗanda suka mutu a tsakani ba su dawo ba.

Dole kuma a tambayi wa ke biyan kuɗin bincike. A 2016 masana na jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono wasu tsofaffin takardu da suka nuna cewa ƙungiyar masu masana'antar sukari ta Amurka ta biya malaman Harvard dalar Amurka 6,500 don su rubuta nazarin da aka buga a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse. Ba a bayyana wa masu karatu wanda ya biya ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Saboda haka idan aka ji wani ya ce bincike ya wanke kaza, tambayar farko ita ce: aljihun wa ya ɗauki nauyinsa?

Ina ruwanmu?

Mu dawo ga maganar yunwa. A Nijar sama da yaro 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara biyar ba sa kai tsawon da ya dace da shekarunsu saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Kuma abin da ya fito daga masana'anta ya ceci rayuka a nan, kowa shaida ne. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da ƙullin gyaɗa, madara da sukari na leda mai suna Plumpy'Nut. Gishiri mai iyodi da man girki mai bitamin A su ma aikin masana'anta ne. Babu mai hankalin da zai ce a rufe inji. Amma wancan ƙullin magani ne da ake ba yaro marar lafiya na ƴan makonni bisa awo. Biskit da lemun leda da ake tura wa yaro lafiyayye kullum a ƙofar makaranta suna cika masa ciki, su hana shi cin tuwo da wake, su bar shi ba ƙarfen jini ba abin gina jiki. Ga yaron da dama cimarsa ba ta wadata ba, asarar ta ninka.

Ga manya kuwa, cututtukan da ake cewa na Turawa sun daɗe da sauka. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da OMS a 2007 ya sami hawan jini ga wajen mutum ɗaya cikin uku na manyan da aka auna. OMS na shawartar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen ɗanɗanon miya, wanda kowa ke kira magi, kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma mai karatu ya san guda nawa ake jefawa a tukunyar gidansa, bayan gishirin da aka riga aka zuba. Daddawa tana nan a kasuwa, amma an mayar da ita abin ƙauye.

A nan ne matsalar masu hali take. A wurinmu ana ɗaukar kayan leda da kwalba alamar wayewa. A wajen suna da ɗaurin aure, akwatunan lemu suna ture fura da kunu. A tarukan ƙara wa juna sani, hutun shan kofi ya zama na lemu da biskit, ko da taron na kiwon lafiya ne. Da azumi ana buɗe baki da garin lemu mai launi, ga tsamiya, ga zoɓo, ga citta. Tumbi kuma har yanzu ana yi masa kallon shaidar cewa Allah ya yi buɗi. Ma'aikacin da ke wuni zaune a biro da alhajin da ke wuni zaune a kanti su ne suka fi kowa ikon sayen wannan cima, su ne kuma suka fi kowa rashin motsin da zai ƙone ta. Wanda ya taɓa biyan kuɗin insulin wata bayan wata, ko ya raka ɗan uwa wankin ƙoda, ya san albashi da jari ba sa jure wannan.

Sa'annan kada a ɗauka abin da ake aiko mana daidai yake da wanda ake sayarwa can. A watan Afrilu na 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta sa aka auna abincin jarirai na Cerelac a ɗakin gwaji, ta bayyana cewa wani nau'insa da ake sayarwa a Senegal da Afirka ta Kudu yana ɗauke da ƙarin sukari giram 6 a kowane ci, alhali irinsa na Suwis ba a ƙara masa ko kaɗan. Kamfanin Nestlé ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Amsar da kanta darasi ce: kamfani yana tsayawa ne inda doka ta tsayar da shi. Haka kuma wani kaso na garin madarar da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma daga Turai an cire masa man shanunsa an maye da manja, a ƙasashen da makiyaya ke rasa inda za su kai nononsu da damina.

Aikin da ke gaban kowa

Na farko na jami'o'inmu ne. Duk binciken da muka lissafa an yi shi ne a kan mutanen Turai, Amurka da makamantansu, ba a kan mai shan fura da rana ya ci tuwo da dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram suna da tsangayoyin likitanci; ta Djibo Hamani ta Tawa tana da masana tattalin arziki da shari'a. Monteiro bai fara da injuna masu tsada ba, da alƙaluman cefane ya fara. Mu ma muna da ƙididdigar kashe-kashen gidaje a hukumar ƙididdiga ta ƙasa, muna da rajistar duwan ta Ɗan Isa, Kwanni da Gaya. Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu za su iya zagaya Kasuwar Dole da Katako su rubuta abin da ke bayan kowace leda, su auna sukarinta da gishirinta, su tsaya ƙofar makarantu su lissafa abin da yara ke saye da kuɗin tara. Sharaɗi guda ne: kuɗin aikin ya fito daga baitulmali ko daga hannun da ba ya sayar da kayan, kuma a buga sakamakon da harsunan da jama'a ke ji. Binciken ya haɗa har da namu na gida, don shi ma yana da nasa aibi: sukarin shayi, yawan suya, da gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba a adana su da kyau ba.

Na biyu na hukuma ne, kuma ba sai an ƙirƙiro sabuwar dabara ba. Ƙasar Shili ta tilasta tun 2016 a buga baƙin tambari a gaban duk ledar da sukari, gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sayar da irin su a makarantu da tallata su ga yara. Binciken jami'ar Shili da ta Karolina ta Arewa ya nuna sayen kayan sha masu yawan zaƙi ya ragu da kusan kashi 24 bisa ɗari. Tambari irin wannan, wanda ido ke gani ba sai an iya karatu ba, shi ya fi dacewa da ƙasar da yawancin masu saye ba sa karanta Faransanci, balle Larabci ko Sinancin da ke jikin wasu kayan. Meksiko ta sa harajin lemun zaƙi a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, maƙwabciyarmu Nijeriya ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022, Kolombiya kuma ta sa haraji a kan haɗin masana'anta kansa a 2023. Idan za a yi a nan, a yi shi a fili, a ware kuɗin ga awon hawan jini da na sukari a asibitocin karkara, a kuma riƙa faɗa wa jama'a inda suka shiga. Harajin da ba a san makomarsa ba fasa-ƙwauri kawai yake haifarwa. Hukumomi kuma su fara da kansu: abin da ake saye da kuɗin gwamnati don taruka da ciyar da ɗalibai ya zama na gida.

Na uku na ƴan kasuwa ne. Ba mu ce kowa ya rufe kantinsa ba, kuma mun san riba ake nema. Amma a duba dalilin da ya sa taliyar leda ke cin kasuwa: matar da ta taso daga aiki ƙarfe biyu ba ta da lokacin surfe da daka, gawayi da gas kuma sun yi tsada. Wanda ya kawo mata garin gero mai tsabta, dambu busasshe, garin wake ko garin fura a ƙunshi mai kyau, wanda zai dahu cikin mintoci, ya warware mata matsala ya kuma sami kasuwa. Ƙungiyoyin mata sun riga sun fara da ɗan ƙaramin ƙarfinsu, jari da injin busarwa suke nema. A 2018 aka fitar da irin gero mai yawan ƙarfen jini mai suna Chakti a nan Nijar, aikin cibiyar ICRISAT da hukumar binciken noma ta INRAN. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara ta 2023 ga gero da danginsa. Kuɗin da ke fita waje sayen biskit, da wani sashensa ya tsaya a masussukar gero, da manomi, ɗan kasuwa da baitulmali duk sun amfana.

Na ƙarshe na magidanta ne, kuma shi ne ba ya jiran doka. A duba kuɗin tarar da ake ba yaro, me yake saye da shi. A rage dunƙule ɗaya a tukunya. A mayar da lemun kwalba abin ranar salla, yadda yake a da. A je a auna hawan jini da sukari ko da ba a jin ciwon komai, don su biyun ba sa sallama kafin su shigo.

Mutanen Barazil, Ingila da Amurka suna kashe dukiya mai yawa don su koma ga girkin da suka saki. Mu har yanzu gero, dawa da wake ne ginshiƙin cimar mafi yawan gidajenmu, kuma ɗanɗanon ƴaƴanmu bai gama juyawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman jami'a su auna, hukuma ta sa doka, ƴan kasuwa su zuba jari a abin gida, magidanta su kula da tukunya. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.